Zazzaɓin Janareta Na Huɗu

Injiniya Castagnola ya ce babu wani abu mai rai da zai kwana biyu a cikin bututun ruwan da na'urarsa ke gadi. A kantin kofi na bakin ƙofar tashar gyaran jiragen ruwa ya faɗa, yana juya sukari da ɗan cokali. Ya ce ko halittar da ba ta kai ƙwayar riɗi ba ce ta shiga, sai dai gawarta ta fito. Ya ce a Genova an san haka, a Roma an san haka, har daga ƙetare an aiko a yi musu bayani, lokaci ne bai samu ba. Mu da ke tsaye da hulunan kwano a hammata muka shanye kofinmu. Mai kantin ya tambaye shi ko a ƙara masa madara.

Ni Cosima ce, 'yar Egidio mai kiwon kozze a ruwan Mar Piccolo. Duk wanda ya tashi a Taranto ya san baƙaƙen halittun tekun nan masu ɓawo biyu da ake ci tun kafin ya san sunan unguwarsu, ni kuwa a cikinsu na tashi, shi ya sa a tasha ba mai kirana da sunana sai 'yar kozze. Shekarata ashirin da uku. Aikina jan waya da ɗaure ta a cikin babban jirgin ruwan nan mai dakon jiragen saman yaƙi, wanda ya shigo gyara tun kaka ya kwanta mana a bakin gari. Masu wucewa ta titi filin saukar jirage suke gani su ɗaga waya su ɗauki hoto. Mu na ƙasa mun san abin da ke riƙe da filin: manyan injuna huɗu masu juya farfela, da janareta shida masu ba da wuta. In wutar ta ɗauke, lif ɗin da ke hawa da jirage sama ya tsaya, na'urar hango abokan gaba ta makance, kuku mai dafa wa mutum ɗari biyar taliya ya nemi wuri ya zauna.

Makaranta na bari ina shekara sha shida, lokacin da Mamma ta kwanta ciwo. Wuta a jikin kwale-kwalen Baba na koye ta, da littattafan da yayana Vito ya bari da zai tafi Stuttgart, da kuma girgiza biyu masu kyau da ita wutar ta yi mini da kanta. Daga baya na je na zauna jarrabawar aikin wuta ni kaɗai mace a cikin ɗakin, aka ba ni takarda. Da ita na samu kwantiragin wata shida a ƙarƙashin Mest Cataldo, shugaban masu waya, wani gajeren dattijo da kullum akwai guntun sigar da bai kunna ba a bakinsa. Kwantiragin ranar Juma'a zai ƙare. Mest ya ce in gwajin janareta ya tafi lafiya zai sa sunana cikin waɗanda za a riƙe dindindin. In bai tafi ba, Vito ya riga ya samo mini wanke kofuna a wani shagon ƙanƙara mai zaƙi a can Stuttgart, da katifa a falonsa. Har hoton katifar ya aiko. Mai fure-fure ce.

Na'urar da Injiniya ke taƙama da ita kuwa ba laifi gare ta ba. Jirgi yana zuƙar ruwan teku don ya sanyaya injunansa, ita kuma tana sakin 'yar wuta cikin wasu sandunan jan ƙarfe, jan ƙarfen ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan a cikin ruwan, duk abin da ya shigo ya ga wurin ba na zama ba ne. Dabara ce mai kyau. Tana cikin littafin Vito, wanda aka buga kafin a haife ni. Abin da Injiniya ya ƙara mata shi ne akwati, da farantin tagulla a ƙofar akwatin mai ɗauke da sunansa da haruffa shida a bayan sunan. A watan Fabrairu, da aka ce manyan baƙi za su zo daga Roma, ya sa aka sake wa akwatin fenti, ya kuma ce a sa 'yar fitila a saman farantin don kada baƙi su wahala wajen karatu. Ni aka tura. Ya tsaya a kaina har na gama, ba ya yarda kowa ya taɓa cikin akwatin sai shi, ya sa na karkata fitilar sau uku. Da ta yi masa, ya zaro alƙalaminsa mai koriyar tawada ya sa hannu a takardar aikin. Da alƙalamin nan yake sa hannu a komai, har takardar karɓar safar hannu.

Ranar Talata aka yi gwajin. Tun zuwansa jirgin wutar gari yake sha ta wasu kauraran wayoyi daga gaɓa, ranar aka cire masa su aka ce ya ci da kansa. Na ɗaya ya tashi, na biyu ya tashi, na uku. Aka riƙa ɗora musu nauyi, a kunna wannan a kunna wancan, har da lif ɗin jirage yana hawa yana sauka ba kowa a kai. Na huɗu ma ya tashi lafiya, ya yi minti arba'in yana aiki kamar 'yan uwansa. Sai zafinsa ya fara hawa. Ina tsaye a bayan sojan da ke kallon allo ina ganin lambar tana ƙaruwa ɗaya-ɗaya, har ƙararrawa ta ɗauka, janaretan ya kashe kansa. Rabin jirgin ya yi duhu na ɗan lokaci kafin na biyar ya karɓa. Daga can nesa muka ji kuku yana ambaton waliyyin garinmu San Cataldo da wasu kalmomin da ba na coci ba.

Injiniya ya sauko da farar hular kwanonsa wadda ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta. Ya ɗora tafin hannu a kan injin, ya rufe ido. Muka jira. Da ya buɗe ya ce injin lafiyarsa ƙalau, shi da hannu yake jin ciwon inji, shekara talatin hannun bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ma'aunin zafi ne ke ƙarya. Wa ya haɗa wayoyinsa?

Mest Cataldo ya mayar da sigarsa daga wannan gefen baki zuwa wancan. Na ce ni ce.

Injiniya ya dube ni tun daga takalmi. "Sinyorina, a ina kika yi karatu?"

"A kicin, Injiniya."

Ya ce haka ya zata.

Ranar Laraba da sassafe na koma kan wayoyina. A aikinmu in za ka taɓa abu, sai ka je ka kashe makunninsa, ka sa kwaɗo, ka rataya jan kati mai sunanka da kwanan wata da dalili. Wanda ya rataya shi kaɗai ke cirewa. Ko kwamandan jirgi ne ya zo sai dai ya tsaya ya karanta. Wannan Mest ya koya mini ranar farko, kafin ma ya nuna mini inda banɗaki yake. Na rataya katina, na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da mita, ban samu ko guda da ta saki ba. Sai na cire ma'aunin da kansa, na hau da shi kicin, na roƙi kuku tukunyar ruwa mai tafasa. Muka tsoma shi tare da ma'aunin da kuku ke gwada nama. Duka biyun suka nuna ɗari. Kuku ya ce shi shaida ne, ko gaban alƙali.

Na kai wa Injiniya hoton a waya. Ya riƙe wayar da yatsa biyu ya miƙo mini. Ya ce tukunyar taliya ba ɗakin bincike ba ce. Ya riga ya yi odar sababbin ma'aunai daga Genova, kwana goma za su iso, rahotonsa kuma zai miƙa ranar Juma'a, a ciki zai rubuta kuskuren haɗa waya. Na tambaye shi ko ba zai yiwu zafin gaskiya ne ba, ruwan sanyaya ne bai isa ba. Ya ce an duba. Gaskiya ne kuwa. Kapo Lomartire, sojan da janaretan ke hannunsa, ya sa an buɗe rariyar da ke tace ruwan teku tun daren jiya, an same ta fes, famfo kuma yana juyawa.

Da muka fito Mest ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, shi ya san aikina. Amma in koriyar tawada ta hau takarda, kamfani takarda zai karanta, ba fuskarsa ba.

Da aka tashi aiki ban tafi gida ba, na bi ta gadar katakon da Baba ke ɗaure kwale-kwalensa. Rana da sauranta. Na tarar da shi a durƙushe a bayan injin, ya kwance wani ɗan bututu yana zura masa waya yana zagin kakannin abin da ke ciki. Ya ce in ɗauko burodi da tumatir a jaka in ci, fuskata ta yi kama da ta wanda aka aika makoki.

Na ce ai kusan haka ne. Na ba shi labari a taƙaice.

"Jirgin naku mai tsawon unguwa, zazzaɓi yake?" Ya yi dariya har da tari. "To ya zo ya bi layi, nawa ya riga shi."

Ya ce injinsa tun makon jiya yake zafi. Irin kozze ne, wato 'ya'yansu. Bana irin ya yi hauka, shekara ashirin bai ga kamarsa ba: ya kama igiyoyi, ya kama turaku, ya kama cikin kwale-kwale, wani silifas da ya faɗa masa ruwa a watan Maris jiya ya tsamo shi da iyali a kai. Ya buga bututun a kan katako, wasu 'yan baƙaƙe kamar wake suka zubo.

Na ce ba ka da rariya a bakin bututun ne?

"Ina da ita mana. Ke ma kin zama injiniya?" Ya ɗaga rariyar ya nuna mini, tsaf. "Wannan babba take tarewa. Shi kuwa yana shiga ne tun ido ba ya ganinsa, kamar ruwa. Ya wuce, ya samu lungu ya manne. Ba rana, ba kifin da zai cinye shi, abinci yana zuwa masa har baki. In ni ne ma ba zan fito ba."

Na ajiye burodin. Bututun janareta na huɗu shi ne aka bari ruwa yana bi a hankali duk tsawon hunturu, saboda ta nan ake sanyaya ɗakunan ajiyar abinci. Sauran biyar a rufe suke sai makon jiya. Na tambayi Baba yadda yake gane bututun da ya toshe ba tare da ya kwance ba. Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake shan ruwa. Ya ɗauki wuƙarsa ya ƙwanƙwasa ƙotar a jikin wani bututu, ya yi ƙara siririya. Ya ƙwanƙwasa wani, ya yi kamar an bugi buhu.

Ya ce, "Mai kuka lafiyarsa ƙalau. Mai shiru shi ke da baƙi."

Sai ya ce in cinye burodin, tumatir ba a ruwa yake tsirowa ba.

Ranar Alhamis na shiga da sifana a aljihu. A gefen kowane janareta akwai wata ganga ta ƙarfe mai tsawon mutum biyu, a cikinta ruwan teku ke bi ta ƙananan bututu yana kwashe zafin inji. Na bugi bututun da ke shiga gangar na uku, ya yi kuka. Na zagaya na bugi na huɗu. Buhu.

Na samu Mest na gaya masa. Ya ce mu masu waya ne, wannan ruwa ne, mai waya ba ya taɓa famfo, haka aka raba tun kafin a haifi ubana. Ya tauna sigarsa. Sai ya ce amma bai taɓa jin dokar da ta hana mai waya gaisawa da Kapo ba, Kapo kuma ƙarfe goma yake shan kofi a bayan janareta na biyu.

Kapo Lomartire dogo ne, mai furfura a gefen kai, ba ya son dogon zance. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi sifanar ya je ya buga da kansa, nan da can, ya sake bugawa. Ya ce ya ji. Amma buɗe murfin gangar nan aikin mutum huɗu ne na awa shida, noti ashirin da huɗu kowanne kamar dunƙulen hannu. Ranar Talata mai zuwa za a buɗe gada mai juyawa jirgi ya fita babban teku, an riga an sanar da gari, za a rufe titi, yara za su fito da tutoci. Da janareta biyar ma zai iya fita in an sa ma'auni a laifi. In kuwa ya buɗe, injiniyan kamfani ya ce kada a buɗe, aka tarar ba komai, shi ne zai tsaya gaban kwamanda, ba ni ba.

Ya ce, "Kuma na'urar mutumin nan fa? Ba don wannan aka sa ta ba?"

Na ce ban sani ba. Nan ne ramin da ke cikin maganata, na kuma kwana ina zagaya shi ban cike shi ba. Na ce na'ura dai ban san abin da take yi ba, amma na san wayata, na san kuma ƙarar bututu mai baƙi.

"Me za ki ba ni in na buɗe ba komai?"

"Ba ni da komai, Kapo. Gobe ma ko ta yaya ranata ta ƙarshe ce. Sai dai in aiko maka da kati daga Stuttgart."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna a ƙarƙashin gangar, inda akwai wani ɗan toshi na zubar da ruwa, ya sa sifana ya sassauta shi. Ruwa ya ɗiɗɗigo a tafinsa. Ya ƙara sassautawa. Tare da ruwan wani abu ya fito kamar zaren buhu, launin ƙasa-ƙasa. Ya murza shi a tsakanin yatsu ya kai hanci. Gemun kozze ne, zaren da suke kama dutse da shi. Ya ce kakarsa shekara arba'in tana ɓare su a kasuwar tsohon gari, da wannan zaren a farcenta aka binne ta. Ya mayar da toshin ya ɗaure. Ya ce gobe ƙarfe bakwai.

Labari ya kai wa Injiniya kafin azahar. Ya sauko yana murmushi. Ya ce ya lura mutanen Taranto in agogonsu ya tsaya ma kozze suke zargi. Ya ce shi ba zai hana soja ɓata lokacinsa ba, amma a rubuta cewa bai yarda ba. Kapo ya miƙa masa takarda. Ya rubuta layi bakwai da kore, ya sa hannu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Da zai wuce ya ce mini in ina son sanin yadda ake kare bututu, akwai wata laccarsa da aka ɗauka, in nema a waya, amma da Turanci take.

Na ce zan nemi mai fassara.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai aka rufe bawul, aka zubar da ruwan gangar, sojoji huɗu suka hau kan notuna. Ni ba ni da aiki a wurin, sai na tsaya riƙe da fitila, tunda dai ita mai waya ce. Mest ya zo wai neman wata filaya da ta ɓace masa, ya zauna a kan akwatin kayan aiki bai sake maganar filayar ba. Wasu notunan sai da aka sa musu dogon ƙarfe mutum biyu suka rataya. Wajen sha ɗaya Vito ya aiko saƙo yana tambaya jirgin ƙasa na ranar Lahadi zan hau ko na Litinin. Na mayar da wayar aljihu.

Injiniya ya iso ana saura noti uku, da rahotonsa a cikin jakar fata. Ya duba agogo, ya ce yana da taro ƙarfe ɗaya.

Aka ɗaura wa murfin sarƙa, aka cire na ƙarshe. Murfin ya ƙi motsi. Kapo ya sa ƙarfe a gefe ya banƙara. Wari ne ya fara fitowa, warin gadar Baba da rana tsaka a watan Yuni. Sai muka ji wata ƙara kamar ana juye tsakuwa daga tifa, suka zubo a kan takalman sojojin. Na haska ciki. Ba a ganin bakin bututu ko ɗaya. Baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, wasu a kan wasu, sun yi layi sun yi gungu, wasu har sun ɗan buɗe baki don ganin wa ya kunna musu fitila.

Wani soja ya yi alamar gicciye. Wani ya tafi neman bokiti, ya dawo da biyu, aka ce ya koma ya ƙaro. Kafin a jima kuku ya leƙo daga saman tsani ya tambaya ko gaskiya ne, kuma in gaskiya ne wa ke da su. Kapo ya ce duk wanda ya kai ɗaya baki zai kwana a tsare.

Ya ɗauki guda ya gwada a babban yatsansa. Ta kai gaɓa ɗaya. Ya miƙo mini ya ce me Egidio zai ce. Na ce zai ce irin Fabrairu ne, kuma sun samu kulawa.

Mest Cataldo ya tashi daga kan akwatin, ya karkaɗe wando. Ya cire sigar daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya dube ta, ya mayar.

"'Yar kozze, Litinin ƙarfe bakwai. Akwai wayoyin lif na baya, duk a sake su. Ki gaya wa ɗan'uwanki ya naɗe katifarsa."

Na ce to, Mest. Na juya ina gyara wayar fitila wadda ba abin da ya same ta. A raina ina lissafin ranar Talata: gada za ta buɗe, jirgi zai bi ta tsakiyar gari da janareta shida, ina ciki a ƙasa inda ba taga, Baba kuma yana can a kwale-kwalensa yana gaya wa duk wanda ke kusa cewa shi ya yi wa jirgin magani.

Injiniya duk wannan lokacin yana tsaye ya toshe hanci da hankici. Sai ya sauke hankicin ya ce abin a fili yake: ranar Talata da famfo ya yi ƙarfi ne ya zuƙo su daga ƙasan teku. Kapo ya kama wata da ke jikin ƙarfe ya ja. Ta ƙi. Ya sa hannu biyu, ta taho da ƙawayenta biyar da gemunsu. Ya nuna masa rariyar da ke jingine a gefe, wadda hujinta bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Injiniya ya ce ba zai yiwu ba. Na'urarsa a kunne take dare da rana, kowa ya zo ya gani. Muka bi shi, ni da Kapo da Mest da sojoji biyu da bokitansu, har gaban akwatin. Fentin yana ƙyalli. Ya nuna 'yar fitilar da ke haska farantin tagulla, ya ce to, ga ta nan, ko makaho ya ga tana ci.

Na ce, "Injiniya, ni na sa wannan fitilar. Layinta ɗaya da fitilun hanyar banɗaki. Kai ka ce kada in taɓa cikin akwati."

Sai wuyansa ya yi ja. Ya ce to wani ne ya kashe masa na'ura, kuma wannan ba sakaci ba ne, ɓarna ce. Ya ce a nemo mutumin, yau ɗin nan, zai sa sunansa a rahoto da manyan haruffa, ba zai sake taka wata tashar jirgi ba daga nan har Trieste. Da yake faɗa ni yake kallo.

Kapo ya ce nemo shi ba wuya, makunnin yana hawa ɗaya a ƙasa. Muka sauka. Ɗan ɗaki ne da ba a cika shiga ba, an jibge gwangwanayen fenti a bakin ƙofa, sai da sojojin suka ajiye bokiti suka kawar. Kapo ya bi makunnan da yatsa har ya zo kan na jere na uku. A kashe yake. Da kwaɗo a jikinsa, da jan kati yana rataye, ƙura ta ɗan hau shi.

Kapo ya hure ƙurar. Ya ce in matso da fitila. Ya karanta a hankali, kamar mai karanta sanarwa a coci.

"Sha ɗaya ga Fabrairu. Dalili: fenti."

Ya juyo da katin yadda kowa zai gani. Koriyar tawada ce, da layi biyu a ƙarƙashin sa hannun.

Ya ce, "Injiniya, mu ba mu da ikon cirewa. Makullin yana wajenka?"

Injiniya ya laluba aljihu. Yana nan, a zobe ɗaya da makullin motarsa.